Gonar Yaron Nan

Da damina ta ja baya, gero ya fara sunkuyar da kai, sai ɗan ƙanena ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya yi mini gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo. Ni kuwa na san shi tun yana cikin tsumma, in ya ja gaisuwa to akwai abin da ya ƙunso. Na ce, “Kai, faɗi abin da ya kawo ka kafin ƙafarka ta sage.”

Ya ce, “Gwaggo, mun zauna da 'yan'uwa. In an kawar da amfanin bana, muna so a sa wa gonar Yaron Nan igiya a raba.”

Na ce, “Wace gona?” Na ji shi sarai, so nake ya maimaita ko kunya za ta kama shi. Ina! Ya maimaita, har da ƙari. Ya ce gida ya cika ya batse, kowa da iyalinsa, gonar da ubansu ya bari ba ta kai su ko watan azumi, ga gona shimfiɗe a bakin titi ana ajiye wa mutumin da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa. Ya ce sun je wurin Malam, Malam ya ce wanda ya ɓata ana jiransa ne har sa'anninsa su ƙare, sa'annin wannan kuwa sun daɗe da zama ƙasa. Amma in yana da 'ya'ya ko jikoki, gonar haƙƙinsu ce, a kawo sunansa da sunan garinsu a aika musu. “Ke kaɗai kika rage wadda ta ga kakarku Iya da idonta, Gwaggo. In kin san sunan ki faɗa, wallahi ko taku ɗaya ba za mu taɓa ba. Amma takarda ba ta ɗaukar ‘yaron nan’.”

Na zage shi tas, na ce ya tashi ya ba ni wuri, mara ta-ido. Ya tashi sum-sum. Da ya fita na zauna ina juya maganar, don yaron bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Wa'adin da suka ba ni shi ne ranar da za a ɗaure damin ƙarshe.

Sai na koma baya, in ba haka ba wanda bai san mu ba ba zai gane abin da ya sa tsohuwa mai ciwon gwiwa ta tayar da hankalinta a kan gonar da ba tata ba. Garin nan namu da ke tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, kakana ne ya sare shi. Daga arewa ya zo, can ƙasar Damagaram, zamanin da Nasaran Faransa ke kwasar maza aikin tilas, ga fara ta cinye musu gero. Ya taho da matarsa da jaki ɗaya da gatari da dagi da ƙwaryar iri. Matar nan ita ce kakata, wadda duk gari ke kira Iya. Ta ce kwana uku suka yi suna tafiya, suka sauka gindin wata kuka, babu kowa sai kura da zabin daji, sabara da geza sun shanye tsawon mutum. Ya yi sassabe, ya kafa bukka, ya shiga haƙar rijiya, ita tana jan ƙasa da igiya da cikin ubana a jikinta. Da ruwa ya fito mutane suka fara sauka, yau gida ɗaya, baɗi gida biyu, aka sa masa Mai Rijiya, sunan ya bi shi har kabari.

Amma sun baro ɗa a baya. Ɗansu na fari, an yaye shi, kakanninsa na wajen uba suka ɗauke shi kamar yadda aka saba, don a lokacin ɗan fari ba na uwa ba ne. Da za su taho tsohon ya ce a bar masa yaron, in sun zauna da gindinsu su zo su ɗauka. Mai Rijiya ya sare wata gona daban gabas da kuka, ya dasa mata gamba a kan iyaka, ya ce wannan ta yaron ce, in ya zo ya tarar da abinsa. Niyyarsa ya koma bayan kaka ta uku. Bai kai ba. Ya shiga yasar rijiya, gefe ya rufto masa, ubana yana goye. Mutanen farko da suka san shi baki da baki wata yunwa ta zo ta watsa su, waɗanda suka sauka bayansu kuwa Mai Rijiya kawai suka ji ana faɗa.

To ga inda ƙullin yake. Garin da suka baro, surukin Iya ne ya kafa shi, sunansa ne a kai, Garin Wane. Yaron kuma sunan tsohon aka mayar masa. Suna ɗaya tak, shi ne na suruki, shi ne na gari, shi ne na ɗan fari. Ita kuwa Iya macen da ce, bakinta ba ya kama sunan miji, ba ya kama na suruki, ɗan fari kuwa ko kallonsa ba a yi a gaban mutane balle a kira shi. Gari ya zama “can gida”, tsoho ya zama “Baba”, ɗa ya zama “yaron nan”. Ubana bai taɓa tsare ta da tambaya ba, yaya ɗa zai sa uwarsa ta faɗi abin da zai zubar mata da girma? Za a ce me ya sa ba mu lura da sunan da take kauce wa ba. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. Iya ba ta kiran sunan kowane namiji, daga mai gemu har mai rarrafe, kowa “kai wane” ne a wurinta.

A ɗakinta na tashi. Ban san komai ba sai ƙarar dutsen niƙanta tun kafin rana ta fito, gurr, gurr, tana yi tana wani ɗan amo a maƙogwaro wanda ba waƙa ba ne ba kuma kuka ba. Daga nan sai luguden matan gida ya ɗauka, sai kukan jakai a hanyar rijiya, sai ƙarar guga yana dukan ruwa can ƙasa, sai ka ƙirga numfashi kafin ka ji ta. Mu yara mata aikinmu ɗiban ruwa da tsinko yakuwa da korar tsuntsaye in gero ya yi ido. Da rana ta zauna gindin kuka da mazarinta da alli a yatsa, tana kaɗi, ni ina cire mata gurya daga auduga. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai ka ajiye. In na yi ƙiwar zuwa gaida wata gwaggo sai ta ce, “Ke, zumunta a ƙafa take.” Ta faɗa, sai kuma ta dubi ƙafafunta, ni a lokacin ban san abin da take dubawa ba. Yanzu injin niƙa ne ke tashe mu, rijiyar an rufe ta da siminti tun da aka kawo famfo, kukar ma rabinta ya bushe, babura ke hutawa a inuwar da ta rage.

Gonar Yaron Nan kuwa da gayya ake noma ta. Ubana ya yi ta, ƙanena ya gada, ba wanda ya taɓa cewa tasa ce. Hatsinta rumbunsa daban, ba a buɗe shi sai gida ya ƙare ƙaf, in an ɗiba kuma baɗi a mayar. Ranar ɗauri kuwa damin ƙarshe ba ya shiga rumbu. A kan kai shi ƙofar ɗakin Iya a jingine, ta fito ta dafa shi da tafin hannu kamar mai taɓa goshin mara lafiya, ta ce, “A ba mabuƙata, Allah ya kai ladan inda yake.” Shi ke nan duk abin da muka taɓa ji ta faɗa a kansa a gaban mutane. Matan gari suna yaba ta, in za a yi wa amarya faɗa sai a ce ki yi koyi da Iya, shekara da shekaru ba a taɓa jin ta yi ɓaram-ɓaramar ambaton ɗanta ba. Ni ma da wannan yabon na girma, ina jin kamar wani zane ne mai tsada da gidanmu kaɗai ke da shi.

Ina da kamar shekara goma wani ayarin raƙuma ya sauka a rijiyarmu. Sun sayar da kanwa a Gumel, za su koma arewa da hatsi. Madugunsu wani dattijo ne mai jan rawani. Iya ta zo da tulunta, ya dubi fuskarta, ya dubi ta ubana da ke ja musu ruwa, ya ce, “Af! Wannan zanen fuskar ai na mutanen wajenmu ne. Baiwar Allah, daga wane gari?” Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, “Can gida.” Ya ce, “Na ji, wane gidan? Duk ƙasar nan na taka ta, in da saƙo in kai.” Ubana ya gaya masa an baro wansa a can tun yana ƙarami. Madugu ya ce, “To ai ya zo da sauƙi. Sunan yaron?” Ga maza cike da bakin rijiya, ga baƙi, ga ɗanta tsaye. Iya ta ce, “Yaron nan.” Dattijon ya gane, ya yi murmushi, ya shiga jero mata sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ya faɗa daidai ta ɗaga kai kawai. Ta sunkuya kamar an dasa ta, ko ɗaga kai a gaban maza a wurinta faɗin sunan ne. Ya gaji ya ce, “Kai, madalla da matan da!” Maza suka yi dariya suna jinjina mata. Aka ɗaure kaya, raƙuma suka miƙe, ta tsaya da tulun da ba ta cika ba tana kallonsu har suka shige cikin geza.

Washegari dutsen niƙa ya yi ƙara fiye da kullum. Na leƙa na ga hawaye na ɗiga cikin garin, tana haɗawa tana niƙewa. Na ce, “Iya, me ya same ki?” Ta ce, “Ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido, tafi ki ɗauko tsintsiya.” Na tafi na ɗauko. Tuwon ranar da shi muka kwana.

Yanzu sai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai bana, ko mijina ya mutu bai ji shi ba. An yi mini aure, na dawo gida goyon ciki, na haifi ɗana na fari, namiji. Ina cikin wankan jego, ana koya mini yadda ake yi: kada ki dube shi in da mutane, kada ki yi masa wasa, in ya yi kuka ki bari sai an ce ki ɗauka, sunansa kuwa ki manta da shi. Na iya, har na fi mai koya mini, don jikar Iya ce ni, ina taƙama. A kwanakin ne ciwo ya kwantar da ita. Wata rana da la'asar, mata sun tafi rijiya, gidan ba kowa, ta kira ni. Na shiga na tarar ta zama kamar kara a kan tabarma. Ta ce, “Saki asabarin. Matso da kunnenki.” Na matsa ina yi mata tsiyar jika da kaka, na ce ko gadon mazari za a ba ni. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗa miki suna, ki riƙe, ki gaya wa ubanki bayan raina.”

Abin da ya zo mini shi ne tsohuwa ta fara ruɗewa, don ana cewa in mace irinta ta soma sakin sunaye to hankali ya gushe. Na tuna yabon da ake mata, na ga kamar zanenta ne zai faɗi a gabana, ni kuma aikina in kama mata. Na ce, “Haba Iya! Ki rufa mana asiri, ki cika da mutuncinki!” Na sa yatsu biyu na toshe kunnuwana, na danna da ƙarfi. Ta kamo gefen zanena, hannunta ba ƙarfi. Ina kallonta, leɓenta ya motsa. Ta tsaya, ta sake motsa shi. Sau uku ta faɗa, ni kuwa ba na jin komai sai bugun jinina. Da ta ga ban cire ba ta sake ni, ta juya fuska ga bango. Na fito ina jin na yi abin kirki, har ina cewa a raina Allah ya sa ba wanda ya ji. Kwana uku ta rasu. Aka yi ta yabonta a zaman makoki, wai ta tafi da kunyarta, ni ina zaune ina gyaɗa kai.

Ban gane abin da na aikata ba sai da uwata ta ɗauke nawa ɗan bayan yaye. Tafiyar rabin yini ce kawai tsakanin gidan mijina da nan, amma sai in ji nonona yana zuba in na ji kukan ɗan wata. A nan na san abin da ke cikin amon nan na bakin dutsen niƙa. Wayyo ni! Matar nan ta yi shekaru tana tara ƙarfin faɗin kalma ɗaya, ta zaɓe ni, ni kuma na rufe mata ƙofa. Da-na-sani ƙeya ce. Na yi shiru da abina, na ce ai gonar tana nan, dami yana fita, wata rana Allah zai jefo wani daga arewa yana tambaya. Da wannan na lallashi kaina har gashina ya yi fari.

To ga shi an ba ni wa'adi. Na aika aka kira mini babban ɗana, wannan dai da na haifa a kwanakin. Shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, yana da jikoki. Yaya yake ce mini, don a hannun uwata ya tashi, ni kuma in zan yi masa magana sai in ce “kai”, in ina zancensa in ce “wancan”. Na ce, “Kai, ranar Alhamis za ka kai ni Maigatari.” Ya ce, “Yaya, da wannan gwiwar? Me za ki saya in sayo miki?” Na ce, “Mutum zan nema.” Bai ƙara tambaya ba, shi haka yake, ya ɗaura mini matashi a bayan babur.

Rabona da kasuwar Maigatari tun ina da ƙarfin ɗaukar ƙwaryar daddawa. Na tarar da abin da ya fi ƙarfin idona, manyan motoci jere suna lodin shanu, babura kamar ƙudaje, kowa da waya a kunne yana ihu. Na bi layin masu raƙuma da na masu shanu ina leƙen fuskokin mutane kamar mahaukaciya, zane nake nema irin namu. Sai na tarar fuskokin duk sumul, yaran yanzu ba a yi musu zane, can ma sun bari kamar yadda muka bari. Wanda na tare sai ya ɗauka bara nake, wani har ya miƙo mini kuɗi, na ce riƙe abinka, ba shi ya kawo ni ba. Alhamis ta farko haka muka dawo. A tsakani na sa ɗana ya kai ni wani ƙauye wajen Gagarawa, inda aka ce akwai wata tsohuwa 'yar ɗaya daga mutanen farko da yunwa ta kora. Muka tarar da ita a raye, amma ko sunan 'yarta da ke ba ta kunu ba ta sani ba. Alhamis ta biyu ma babu. Gero kuwa ba ya jiran kowa, an girbe, an shanya, an fara yankan kai.

Ranar Alhamis ta uku, rana ta take, gwiwata ta ƙi, na zauna a wata rumfar mai shayi. Sai ga wani tsoho a kan benci yana jiƙa burodi. Na dubi kuncinsa, na ji kamar ubana ne ya dawo. Zanen ne, bai ɓata ko ɗaya ba. Ban san sanda na rarrafa na isa gabansa ba. Ya ce, “Subhanallahi, Hajiya, lafiya?” Na nuna masa fuskata. Ya duba ya ce, “Ikon Allah. Ke tamu ce. 'Yar wane gari?” Na kwashe labari na gaya masa, da jakin, da rijiyar, da gonar, da duk abin da na tsinta a bakin Iya: tafiyar kwana uku, kukoki uku a bakin gari, rijiya mai ruwan zartsi.

Ya girgiza kai ya ce, “Hajiya, masu zanen nan sun bazu daga Dungas har Magarya har gaba. Wane gari ne babu kuka? Garin Wane kuwa ko na kwana ina ƙirga miki ba za su ƙare ba. Ki ba ni suna. Yanzu ba da ba ce, ga waya, wallahi kafin in gama shayin nan sai in tayar miki da mutum goma. Sunan yaron?”

Tambayar madugu ce, ba ragi ba ƙari, bayan shekara sittin da wani abu. Na buɗe baki na ji abin da ya fito shi ne, “Yaron nan.” Sai na fashe. A tsakiyar kasuwa, a gaban ɗana, a gaban mai shayi, na faɗi abin da na yi wa Iya. Na ce ta faɗa mini, ni na toshe kunne. Na ce, “Malam, dubi bakina, don Allah dubi bakina, haka ta yi.” Na shiga motsa leɓena yadda na ga nata ya motsa, na yi, na sake, ba murya, tsohuwa da ni, mutane sun taru suna kallo. Ya zuba mini ido da gaske, bawan Allah, har ya matso. Can ya ce, “Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wannan kowane suna ma zai iya zama.”

Ya sa aka ba ni ruwa. Da na lafa ya ce, wai don ya sanyaya mini rai, “Ba ku kaɗai ba ne. A wajenmu kusan kowane gari an yi tsohon da aka bari a hannun kakanni, iyaye suka yi kudu. Muna yara muna jinsu, in an taɓa su sai su ce uwarsu ta samu wuri ta manta da su.” Allah sarki, da ya san abin da maganar nan za ta yi mini da bai faɗa ba. Ashe haka yaron nan ya tsufa ya mutu, yana cewa an manta da shi, alhali ga gona ana nome masa, ga dami ana dafawa, ga uwa tana niƙa da hawaye. A hanyar dawowa ina riƙe da rigar ɗana ta baya, ina kallon furfurar ƙeyarsa. Sai wani tunani ya soke ni: shi wannan da ke gabana, me yake cewa a ransa shekara da shekaru?

Ranar ɗaurin ƙarshe na ce a kai ni gonar. Da hantsi ne. Malam ya zo, mai gari ya turo wakili, 'ya'yan ƙanena sun zo da igiya da turaku. Ɗan ƙanena ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, an samu?” Na ce, “Ba a samu ba. Ku raba, ba ku da laifi, mai laifin tana nan zaune.” Malam ya ce in yi haƙuri, Allah ya ga niyya. Na ce, “Allah gafarta Malam, niyyar ma ai ita ta kashe mu.” Na roƙi abu ɗaya, a ba ni damin ƙarshe. Suka kawo suka jingine shi a gabana, na dafa shi yadda Iya ke yi, na ce a ba mabuƙata, Allah ya kai ladan inda yake, shi da ya san sunansa. Daga nan suka ja igiya ta bi ta kan gambar da Mai Rijiya ya dasa, aka fara buga turke.

Ɗana yana can tsakiyar gona, ya ba ni baya, yana riƙe musu bakin igiya. Na dube shi, a gaban mutane, na dube shi da kyau, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka yanke masa cibi. Harshena ya yi nauyi kamar dutse, a nan na san irin dakon da Iya ta yi kafin ta ce in saki asabari. Na ce in na bari sai na kwanta ciwo, wa ya sani ko shi ma wani zai toshe kunne. Na tattara abin da ya rage mini na numfashi.

Na ce, “Haruna!”

Masu buga turke suka tsaya. Wata surukar gidan da ta kawo fura ta dafe baki. Shi kuwa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dubi wajen titi, yana neman mai kiransa, don bai san sunansa da wannan muryar ba. Mutum mai jikoki, bai taɓa ji ba.

Na ce, “Haruna, ni ce. Uwarka ce ke kiranka. Ban manta da kai ba ko yini ɗaya.”

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya taho yana tuntuɓe da kututturen gero, ya zo ya zube a gabana kusa da damin, ya kifa kai a gwiwar nan tawa mai ciwo, kafaɗunsa suna rawa. Ban janye ba. Na ɗora hannuna a kansa, na sake faɗa a hankali, sau uku, yadda aka taɓa faɗa mini wani suna ban ji ba.

Can ya ɗago, gemunsa jiƙe, ya ce, “Na'am, Inna.”